Roza Czacka: Makauniyar da ta bar neman magani ta kafa wa makafi makaranta

A shekarar 1898, a birnin Warsaw, wata budurwa 'yar shekara 22 ta zauna gaban likitan ido tana jiran ta ji hukuncinsa. Iyayenta masu hannu da shuni ne, kuma da a ce kuɗi na sayen gani, da tuni sun saya mata. Likitan, mai suna Bolesław Gepner, bai yi mata kwana-kwana ba. Ya shaida mata cewa idon ya riga ya tafi, babu wani gwani a ƙasashen waje da zai dawo da shi, saboda haka kada ta yarda a riƙa yawo da ita daga hannun wannan shahararren likita zuwa na wancan. Sannan ya ɗora da wata shawara da ba kasafai ake jin irinta a ɗakin duba marasa lafiya ba, cewa ta mai da hankalinta ga makafin ƙasarta, waɗanda ba su da mai kula da su.

Budurwar ita ce Róża Czacka, wadda mutanen Poland ke furta sunanta kamar Ruja Catska. Ta karɓi shawarar, ta kuma rayu shekara 63 bayan haka ba tare da ta sake ganin haske ba. A cikin waɗannan shekaru ta kafa makarantar makafi mafi shahara a ƙasarta, ta gyara rubutun makafi ya dace da harshen mutanenta, ta kuma kafa ƙungiyar mata masu zuhudu wadda ke karɓar makafi a cikin sahunta. Ranar 12 ga Satumba, 2021, shekara 60 bayan rasuwarta, cocin Katolika ya ayyana ta a matsayin Mai Albarka, mataki ɗaya ƙasa da matsayin waliyya. Abin da ya buɗe mata wannan ƙofa kuwa wata waraka ce da likitoci suka kasa bayaninta, wato ainihin abin da ita kanta ba ta samu ba.

Gidan da ta fito

An haife ta ranar 22 ga Oktoba, 1876, a garin Bila Tserkva, wanda a yau yake cikin ƙasar Yukren. A lokacin babu ƙasa mai suna Poland a taswirar duniya, domin tun 1795 Rasha da Prusha da Ostiriya suka gama yayyanka ta suka raba a tsakaninsu. Garin da aka haife ta da birnin Warsaw, inda iyayenta suka koma a 1882, duka suna ƙarƙashin sarkin Rasha ne. Ita ce ta shida cikin 'ya'ya bakwai na Feliks Czacki da matarsa Zofia, kuma gidansu gidan sarautar gado ne da ya yi suna a ilimi da addini. Kakan mahaifinta, Tadeusz Czacki, shi ne ya kafa babbar makarantar nan ta Krzemieniec a 1805, baffanta Włodzimierz kuwa ya kai matsayin kadinal a fadar Fafaroma.

An karantar da ita a gida, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan manya mata a wancan zamani. Ta iya Faransanci da Ingilishi da Jamusanci, ta taɓa Latin, ta ƙware a kaɗa fiyano. Kakarta Pelagia ce ta fara koya mata karatu, da littafin Thomas à Kempis kan koyi da Almasihu, cikin Faransanci. Tun tana ƙarama idonta ba shi da ƙarfi. Da ta kai shekara 18 sai ta faɗo daga kan doki, tantanin da ke can bayan ƙwayar ido yana karɓar haske ya saɓule. Daga nan ganin ya riƙa raguwa, ana magani ana tiyata, har ya ɗauke gaba ɗaya bayan shekara huɗu.

Ga 'yar gida irin nasu, hanyar da ta rage a buɗe take. Za a ba ta ɗaki mai kyau da kuyangi, a riƙa karanta mata littafi, a kuma nesanta ta da idon baƙi har ƙarshen ranta. Makafin da ba su da gata kuwa, wurinsu ƙofar coci ne da bakin kasuwa. Mai karatu da ke ratsa shataletale ko ƙofar masallaci a kullum ba ya buƙatar a zana masa hoton: babba a baya, yaro a gaba, sanda a tsakaninsu, ƙoƙo a hannu. Mutum biyu ke nan aka raba da makaranta, makahon da ɗan jagoransa. Akwai wata tsohuwar cibiya ta kurame da makafi a Warsaw, amma waɗanda take iya ɗauka ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi yawan masu buƙata. Roza ta lura da wani abu da masu ido suka kasa lura da shi, cewa ɗakin alfarma da ƙoƙon bara hukunci ɗaya suka yanke wa makaho, wato ba a jiran komai daga gare shi.

Ba ta yi gaggawar buɗe wata cibiya ba. Ta kwashe kimanin shekara goma tana koyon yadda ake zama makauniya mai tsayuwa da ƙafarta, kuma a ganina wannan ne ɓangaren rayuwarta da ya fi cancantar a tsaya a duba. Ta koyi tafiya cikin gida da wajensa, da kula da kayanta da ayyukan gida ba tare da kuyanga ba. Ta koyi rubutun Braille, wanda Bafaranshen nan Louis Braille, shi ma makaho tun yana yaro, ya ƙirƙiro ya kuma wallafa a 1829. Rubutu ne na ɗigogi masu tudu da ake shafawa da kan yatsa. Kowane gurbi yana da mazaunin ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, kuma daga sassauya su ake samun alamomi 63 da suka wadaci haruffa da lambobi da alamomin tsayawa, har da rubutun kiɗa.

Sai kuma ta shiga tafiye-tafiye zuwa ƙasashen yammacin Turai don ta san yadda makarantun makafi suke gudana. Faransa ce ta fi yi mata tasiri. A can ta san aikin Maurice de la Sizeranne, makaho tun yana ɗan shekara tara, wanda ya kafa ƙungiyar Valentin Haüy a 1889. Ra'ayinsa shi ne a ba makaho karatu da sana'a, a buga masa littattafai, a nema masa kasuwar abin da ya ƙera, sannan a bar shi ya zauna cikin jama'a. Wannan ra'ayi ta ɗauko ta dawo da shi gida.

A 1910 ta buɗe gida a Warsaw da dukiyarta, ta tara 'yan mata makafi tana koya musu Braille da aikin hannu da kanta. A 1911 hukumomin Rasha suka amince da rajistar Ƙungiyar Kula da Makafi da ta kafa. Cikin 'yan shekaru ƙungiyar ta samu makarantar firamare, da wuraren koyon saƙar kwando da haɗa buroshi da saƙar zare, da ɗakin karatu, da ofishin da masu sa kai ke juya littattafai zuwa Braille da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Ta kuma shirya masu bin makafi manya har gidajensu a cikin birni, suna kai musu aiki da abin karantawa, domin ba ta son a kwashe kowa a kulle a cibiya.

Rigar zuhudu

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse wannan aiki. A 1915 ta yi tafiya zuwa gabas, yankin danginta, sai fagen daga ya gitta tsakaninta da Warsaw. Ta maƙale a garin Zhytomyr har shekara uku. A can ta zauna cikin kaɗaici da ƙarancin abin duniya, ta duƙufa ga addu'a, kuma a 1917 ta ɗauki alwashin zuhudu bisa tafarkin Francis na Assisi, wanda aka sani da zaɓen talauci. Ta sa rigar zuhudu, ta ɗauki sabon suna, Elżbieta, wato Alisabatu. A 1918 ta koma Warsaw. Waɗanda suka yi ban kwana da 'yar sarauta sai ga su suna tarbar sista cikin riga mai kaushi, kuma ba dukan abokan aikinta na dā ne abin ya yi wa daɗi ba.

Ranar 1 ga Disamba, 1918, makonni kaɗan bayan Poland ta dawo da 'yancinta, ta kafa ƙungiyar Sistocin Francis Masu Hidimar Gicciye, da yardar Akbishop Aleksander Kakowski na Warsaw. Wakilin Fafaroma a ƙasar a lokacin, Achille Ratti, ya ƙarfafa mata gwiwa, kuma shi ne ya zama Fafaroma Pius na 11 a 1922. Abin da ya bambanta ƙungiyar da takwarorinta shi ne ta buɗe ƙofa ga mata makafi su zama sistoci, alhali a al'adar wancan lokaci nakasa irin wannan kan hana a karɓi mace a gidan zuhudu.

A nan tunaninta ya ɗauki wata fuska da ya kamata a fahimce ta kamar yadda ita ta fahimce ta. A wurinta makanta iri biyu ce, ta ido da ta zuci, kuma ta biyun ta fi muni. Ta ɗauka cewa makahon da ya karɓi jarrabawarsa, ya yi ilimi, ya yi aiki, yana da abin da zai ba mai idon da zuciyarsa ta makance. Ko mutum ya yarda da tushen addinin wannan magana ko bai yarda ba, sakamakonta a aikace a fili yake: ta ɗauke makaho daga layin masu karɓa ta kai shi layin masu bayarwa. Shi ya sa ba ta yarda da tausayin da ke lalata yaro ba. Ta fi son a bar shi ya gyara shimfiɗarsa, ya nemo hanyarsa zuwa aji, ya yi kuskure a gyara masa, a kuma auna aikinsa da ma'aunin da ake auna na mai ido.

A farkon shekarun 1920 wani mai gonaki, Antoni Daszewski, ya ba ta kyautar fili da bai kai hekta uku ba a ƙauyen Laski, a bakin dajin Kampinos, arewa maso yamma da Warsaw. Rairayi ne da itatuwa, babu gini. Tun daga 1922 aka fara kwashe ayyukan ƙungiyar zuwa can, aka fara da 'yan gidajen katako. Dukiyar gadonta ta riga ta tafi, wani ɓangare a hidimar makafi, wani kuma a rikicin yaƙi da juyin juya halin Rasha. Sai ya zama sistoci ne ke fita neman taimako gida-gida domin a ciyar da yara a kuma yi gini. Akwai abin lura a nan: macen da ta tashi raba makafi da bara ta ɗora roƙon a wuyan masu ido, ta bar makafin a aji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Antoni Marylski, wani matashi mai ilimi da ya dawo ga addini bayan ya yi nesa da shi, ya zama mai kula da gini da gudanarwa, ya kuma ƙare rayuwarsa a Laski. Fada Władysław Korniłowicz ya zama jagoran ruhi na wurin, kuma ta dalilinsa ƙauyen ya zama matattarar marubuta da malaman jami'a da masu shakka a kan addini, suna zuwa su tattauna su huta. Wasu daga cikinsu sun zauna ke nan. Ɗaya daga ciki ita ce Zofia Landy, wadda ta fito daga gidan Yahudawa, ta yi karatun falsafa, daga baya ta zama Sista Teresa.

Da wannan Sista Teresa ce Uwa Elżbieta ta yi aikin da ya fi kowane daɗewa. An tsara Braille ne don Faransanci, harshen Poland kuwa yana da haruffan da Faransanci bai san da su ba, irin su ą da ę da ł da ś da ż. Bahaushe zai gane matsalar nan take idan ya tuna abin da ke faruwa in aka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba tare da lanƙwasarsu ba, yadda ƙasa kan rikiɗe ta koma kasa. Mai ido yakan ƙiyasta daga jimla ya wuce, amma yatsa harafi ɗaya yake shafawa a lokaci guda, kuma ruɗanin ya fi yi masa nauyi. Ga shi kuma shekarun rabuwa sun bar makafin yankunan ƙasar uku da tsare-tsare mabambanta. Suka zauna suka ba kowane harafi alamarsa, suka kuma tsara gajerun alamomi don rage kaurin littattafai. A 1934 ma'aikatar ilimi ta amince da tsarin ya zama na dukan makarantun makafi a ƙasar, kuma a kansa rubutun makafin Poland yake tafiya har yau.

A watan Satumba na 1939 Jamus ta auka wa Poland. Uwa Elżbieta tana Warsaw lokacin da jiragen yaƙi suka yi wa birnin ruwan bama-bamai, ginin da take ciki ya rufta. An zaƙulo ta da karyayyen hannu da mummunan rauni a kai, kuma dole aka cire mata ido ɗaya. An yi aikin babu allurar kashe zafi, domin babu ita a birnin da aka yi wa ƙawanya. Tana da shekara kusan 63. Da ta ɗan farfaɗo ta koma Laski, ta tarar yawancin gine-ginen sun zama kufai, ta sa aka ci gaba da karatu a abin da ya saura.

Daga 1942 limamin da ke kula da wurin shi ne wani fada mai suna Stefan Wyszyński, almajirin Korniłowicz, wanda 'yan sandan asirin Jamus ke nema. A 1944, da mutanen Warsaw suka yi wa 'yan mamaya bore, Laski ya zama asibitin mayaƙan da ke dajin Kampinos, da yardarta, duk da ta san abin da zai biyo baya in Jamusawa suka ga dama. Wyszyński ya yi ta ɗaukar masu rauni yana yi wa masu mutuwa addu'a. Bayan shekara huɗu ya zama shugaban cocin Katolika na Poland baki ɗaya, gwamnatin kwaminis ta tsare shi daga 1953 zuwa 1956, kuma har ƙarshen ransa bai daina komawa Laski ba.

Bayan yaƙi ta sake gini daga tushe, a ƙarƙashin gwamnatin da ke karɓe makarantu da asibitocin coci. Laski ya tsira, ya ci gaba da aiki a hannun ƙungiyar da ta yi wa rajista tun 1911. A ƙarshen 1948 ta samu shanyewar ɓarin jiki. A 1950 ta sauka daga shugabanci ta miƙa wa wata, ta koma ɗan ɗakinta kusa da ɗakin ibada, inda ta shafe fiye da shekara goma a kwance ko a zaune, tana addu'a. Ta rasu ranar 15 ga Mayu, 1961, aka binne ta a maƙabartar Laski.

Yadda ake auna waliyyi a Rum

Kalmar waliyyi da kafofin labaran Hausa ke amfani da ita a nan aro ce, kuma tana iya ruɗar da mai karatu. A al'adar da muka sani, jama'a ne ke shaidar walittakar bawan Allah, babu wani ofishi da ke ba da takarda. Cocin Katolika ma haka ya fara a ƙarnonin farko, amma sannu a hankali ya mai da abin shari'a mai matakai, da shaidu da alƙalai da fayil. A aƙidarsu, coci ba ya shigar da kowa aljanna. Abin da yake yi shi ne ya bayyana yaƙininsa cewa wane yana wurin Allah, ya halatta a yi koyi da shi a kuma roƙi ya yi wa masu rai addu'a. Wannan aƙida ce ta Katolika, kuma ko a cikin Kirista akwai ɗariƙu da yawa da ba su yarda da ita ba.

A ƙa'ida ba a buɗe shari'ar sai mutum ya shekara biyar da rasuwa, don a bar zafin makoki ya huce, ko da yake Fafaroma na iya ɗage sharaɗin. Bishop na yankin da mutumin ya rasu shi ke farawa, kuma daga ranar ake kiran mamacin Bawan Allah ko Baiwar Allah. Ta Uwa Elżbieta an buɗe ta a Warsaw a watan Disamba na 1987, shekara 26 bayan rasuwarta, a zamanin Kadinal Józef Glemp. Kotun coci ta rantsar da waɗanda suka zauna da ita ta yi musu tambayoyi, aka tattara wasiƙunta da jawabanta ga sistoci da duk abin da ta bari a rubuce, masana tauhidi suka tace su. An rufe wannan mataki a 1995, aka aika da takardun zuwa Rum.

A Rum akwai ma'aikata ta musamman mai kula da shari'o'in waliyyai. A can ake taƙaita dubban shafuka zuwa kundi guda, wanda zai amsa tambaya ɗaya: shin wannan mutum ya riƙe imani da kyakkyawan fata da ƙauna, da hankali da adalci da ƙarfin zuciya da kamun kai, a matakin da ya wuce na talakan mumini, kuma ya dawwama a kai? Tun ƙarni na 16 akwai jami'in da aikinsa shi ne ya tono aibin wanda ake shari'arsa, har mutane suka yi masa laƙabi da lauyan Shaiɗan. Fafaroma John Paul na 2 ya sauya tsarin a 1983, ya rage ƙarfin wannan kujera, abin da ya sa shari'o'i suka ƙara sauri, ya kuma sa wasu ke ƙorafin cewa an sassauta. Ta Uwa Elżbieta dai ba ta yi sauri ba. Sai ranar 9 ga Oktoba, 2017, shekara 30 bayan buɗe ta, Fafaroma Francis ya sa hannu cewa ta cika wannan sharaɗi, aka fara kiranta Abar Girmamawa.

Duk wannan shaidar mutane ce, kuma a nan shari'o'i da yawa ke tsayawa har abada. Kafin a ce Mai Albarka, sai an samu abin da suke ɗauka a matsayin sa hannun Allah, wato abin al'ajabi da ya faru bayan rasuwar mutumin, sakamakon roƙon da aka yi ta hanyarsa. Kirista Hausawa kan ce mu'ujiza, Musulmi kuwa zai fi gane shi da sunan karama. Wanda aka kashe saboda addininsa ne kaɗai ake ɗauke wa wannan sharaɗi a wannan mataki. Kusan kullum warakar rashin lafiya ce ake kawowa, domin ita ce ke da takardun asibiti. Kwamitin likitoci bakwai ke fara dubawa, kuma ba a tambayarsu ko abin daga Allah ne. Ana tambayarsu ne ko ciwon mai tsanani ne, ko warakar ta zo da sauri, ta cika, ta ɗore, kuma ko ilimin likitanci na da bayaninta. Tun 2016 sai aƙalla biyar cikin bakwai sun yarda babu bayani kafin fayil ya wuce zuwa masana tauhidi, waɗanda su kuma za su bincika ko da sunan wannan mutumin aka yi roƙon, ba na wani ba.

Abin da aka gabatar a shari'arta ya faru ne ranar 29 ga Agusta, 2010. Wata yarinya 'yar shekara bakwai a Poland tana wasa a lilo, sai ƙarfen sama ya karye ya faɗo mata a ka. Raunin ƙwaƙwalwar ya yi munin da likitoci suka sa ran ko ta mutu, ko ta rayu ba ta san inda take ba, ko ta rasa gani da ji. Iyalinta da sistocin ƙungiyar suka duƙufa da roƙo ta hanyar Uwa Elżbieta. Bayan kimanin mako biyu yarinyar ta fara farfaɗowa, kuma bayan wata biyu ta fita daga asibiti da ƙafafunta. An bincika lamarin a Poland, aka sake bincika shi a Rum, kuma a ƙarshen Oktoban 2020 Fafaroma Francis ya amince da shi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ga mace da aikinta ya fara a ranar da ta daina bin likitoci, wadda ta shafe shekaru da yawa tana koya wa iyaye cewa yaron da bai warke ba bai zama asara ba, amma takardarta ta zauna a kan tebur har sai da wata yarinya ta warke. Masu aƙidar za su ce babu saɓani, domin kundin farko ya riga ya auna rayuwarta, warakar hatimi ce kawai. Wannan amsa ce mai ma'ana a cikin tsarinsu. Sai dai wanda ke tsaye a waje, kamar yawancin masu karanta wannan shafi, zai fi samun abin riƙewa a cikin waɗancan alamomi na 1934, waɗanda ba sa buƙatar kwamitin likitoci kafin a tabbatar suna aiki.

Bikin ayyana ta ya zo da wata haɗuwa da ba a tsara ba. An sa ranar 7 ga Yuni, 2020, don ayyana Kadinal Wyszyński, wanda ya rasu a 1981, amma annobar korona ta sa aka ɗage. Kafin a sa sabuwar rana sai shari'ar Uwa Elżbieta ta kammala, aka haɗa su. Ranar 12 ga Satumba, 2021, a babban cocin Kulawar Ubangiji da ke Warsaw, Kadinal Marcello Semeraro ya karanta takardar Fafaroma a madadinsa, aka buɗe hotunan mutum biyun da suka yi jinyar masu rauni tare a Laski a 1944. An sa 19 ga Mayu ta zama ranar tunawa da ita.

Matsayin Mai Albarka yana ba da izinin girmama mutum a bainar jama'a a ƙasarsa ko a ƙungiyarsa. Kafin a ce waliyyi, wanda dukan cocin Katolika na duniya zai girmama, sai an samu abin al'ajabi na biyu, kuma dole ya faru bayan ranar da aka ayyana shi Mai Albarka. Jiran ba shi da wa'adi. Katolikan Najeriya sun san haka, domin tun ranar 22 ga Maris, 1998, Fafaroma John Paul na 2 ya ayyana Fada Cyprian Michael Iwene Tansi a matsayin Mai Albarka a Oba, kusa da Onitsha, kuma har yanzu a wannan mataki yake. Josephine Bakhita kuwa, 'yar Darfur da aka sayar baiwa tana yarinya, shekara takwas kawai ta yi tsakanin matakan biyu, daga 1992 zuwa 2000.

Fayil ɗin Uwa Elżbieta yana nan a buɗe a Rum, kuma warakar 2010 ba za a sake ƙirga ta ba. A Laski kuwa makarantar na ci gaba da karɓar yara makafi daga rainon farko har zuwa sakandare da koyon sana'a, ciki har da waɗanda makantarsu ta haɗu da wata nakasar. Sistocinta sun kai aikin Yukren, ƙasar da aka haife ta, da Indiya, da kuma Afirka, inda suke da makarantar yara makafi a garin Kibeho da ke kudancin Ruwanda.